Fashin Sallar Salmatu

Rumfar abincinmu tana Magama, dab da shingen kan iyaka, inda manyan motoci ke yin layi suna jiran a duba takardunsu kafin su tsallaka Nijar. Mu biyu ne da ita. Ni Bilki ni ke kan tukunya, Salmatu kuma ita ke zuba wa mutane, don ta fi ni iya zama da jama'a nesa ba kusa ba. Ni in direba ya ce mini miya ta yi gishiri, sai in ce ya haƙura ya kai Maraɗi matarsa ta dafa masa mai daɗi. Salmatu kuwa dariya za ta yi, ta ba shi haƙuri, har ta ƙara masa tsoka. Da ni kaɗai ce a rumfar nan, wallahi da tuni ƙudaje kawai ke zuwa.

Tare muka tashi a Daddara, tare muka yi tallan gyaɗa, kusan tare aka yi mana aure. Yanzu duk mun ba arba'in baya. Babu abin da ban sani ba game da Salmatu, har tabon ƙunar da ke ƙwaurinta na san tukunyar da ta yi mata shi. Shi ya sa abin ya ba ni haushi da na gane tana ɓoye mini wani abu.

A wurin salla na fara lura. Da azahar karɓa-karɓa muke yi, ɗaya ta zagaya bayan rumfa ta shimfiɗa tabarma, ɗaya ta tsare ciniki. Ran nan na ce, "Salmatu, fara yi, ina juya miya."

Ta ce, "Je ki abinki, ni ina fashi."

To, mace ta ce tana fashin salla ai ba labari ba ne. Na je na yi tawa. Sati ya zagayo, na sake cewa ta je, ta sake cewa tana fashi. Ta ɗan yi salla na wasu kwanaki, kafin in ankara ta koma fashi. Ga wani turare da ta tsiri zubawa, humra kamar an kifar da kwalba, har wani direban kamyo, wato babbar mota, ɗan Damagaram ya tambaye ni ko amarya muka yi a rumfa.

Na bari har la'asar sakaliya, ciniki ya lafa, muna wanke tukwane. Na ce, "Wai ke Salmatu, naki watan ba irin na mutane ba ne? Mu baƙonmu yana zuwa ya yi kwanakinsa ya tafi. Ke naki haya ya kama a gidanki?"

Ta ce, "Ke dai bakinki, Bilki."

"Bakina lafiya lau yake. Ke ce nake tambaya."

Ta yi ta goge gindin tukunyar da ta riga ta fita fes. Na ƙwace soson. Sai da ta waiwaya hagu da dama, ta tabbata babu wando ko ɗaya kusa, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ya kai watanni, kafin al'ada ta zo da wajen sati ko fiye, sai ta fara ganin wani ruwa tsararo, ruwan ƙasa-ƙasa, wani lokaci da ɗan jini a ciki. Kuma yana da wari. Al'adar ta zo ta wuce, ta yi wanka, sai ya sake leƙowa. Ta ƙara rage murya har sai da na kai kunnena, ta ce ko maigidan ya kusance ta sai ta ga jini.

Na ce, "Innalillahi! Shi ne kika zauna kina ta zuba humra?"

Ta ce, "Ni abin da ya dame ni salla, Bilki. Ban san ko haila ce ba, ban san ko ba ita ba ce. In na yi salla ina tsoron na yi ta ba tsarki, in na bari ina tsoron na bar ta a banza. Ko barcin kirki ba na yi."

"Gobe sai asibiti."

"Asibitin mi? Kwance kika gan ni? Ina ci, ina sha, ina ɗaukar tukunyar da ke ba ki iya ɗauka. Wannan tambayar malamai ce."

Ka ji fa. Mace na zubar da jini ba lokacinsa ba, ita duk lissafinta yana kan tabarmar salla. Na yi ta faɗa har makogwarona ya bushe, ta bar ni na gama, ta ɗaura gyalenta ta ce sai da safe.

Sai dai Salmatu ba za ta iya tsayawa gaban Malam Badaruddeen, limamin masallacin tasha, ta buɗe baki ta faɗi wannan magana ba. Ko ni mai baƙin baki sai na yi shawara. Saboda haka ta aiki mijinta, Manu. Manu ɗan kamasho ne a tashar Magama. In ya ɗaga murya yana kiran "Maraɗi mutum ɗaya!" har jandarmomin tsallake suna jin sa. Amma da aka ba shi wannan aike, sai da ya kwana biyu yana zagaye masallaci kamar mai neman takalminsa.

Ranar da ya samo amsa, da hantsi ya zo rumfa. Bai kalle ni ba, bai kalli matarsa ba. Ya tsaya ya juya mana baya, ya fuskanci tukunyar wake, ita ya yi wa bayani.

"Na ga Malam," in ji shi. "Na ce masa wani abokina ne, matarsa ce."

Na ce, "Malam Manu, ashe kana da aboki? Barka."

"Yaya Bilki, don Allah ki bari in gama, kar ya zube mini." Ya share gumi. "Malam ya ce in abu ya wuce kwanakin da mace ta saba, da ɗan ƙarin da shari'a ta ba ta, to ba haila ba ne, jinin ciwo ne. Ta yi wanka, ta gyara jikinta, ta riƙa sallarta."

Salmatu ta dafe ƙirji ta ce, "Alhamdu lillahi!" Fuskarta ta washe kamar an ce mata ta ci kujerar Makka. Nan take ta ɗauki buta.

Na ce, "Tsaya. Iyakar abin da Malam ya ce ke nan?"

Manu ya sosa ƙeya. "Ya dai ce... abokin nawa ya kai ta a duba ta, a nema mata magani."

"To kun ji! Malam da kansa ya ce a kai ta. Salla ya mayar miki, Salmatu, bai ce ya warkar da ke ba."

Ina! Wannan ƙarshen maganar ko kunnenta bai shiga ba. Ta samu abin da take nema. Ranar har nafila ta ƙara, ni ina ta fama da masu cin shinkafa ni kaɗai, ina zagin cokali.

Shi kuwa Manu, da ya ji an ce magani, sai ya yi abin da duk ɗan Jibiya zai yi. Ya aika tsallake. Mu nan in kwali ba shi da rubutun Faransanci a jiki, gani muke kamar garin rogo aka dunƙula. Ciwon kai, farmasin Maraɗi. Ciwon baya, farmasin Maraɗi. Salmatu ta gaya wa Manu rabin abin da ke damunta, Manu ya gaya wa wani direba mai suna Mudathir rabin rabin, Mudathir kuma Allah kaɗai ya san abin da ya gaya wa mai farmasi. Aka dawo da wani kwali mai kyau, shuɗi da fari, da wasu ƙwayoyi na matsawa a ciki. Babu wanda ya iya karanta ko kalma ɗaya, amma kowa ya yarda magani ne na gaske, tunda ga rubutu nan birjik.

Ta yi amfani da shi. Ta haɗa da zama cikin ruwan bagaruwa, ta haɗa da turaren tsuguno, duk wata dabara da matan unguwa suka sani ta yi. Warin ya ɗan lafa. Ta zo tana mini yanga, wai na ga aikin Faransa? Wata bai cika ba abin ya dawo, har da ciwon mara a kai.

A nan ne na ce ni kam na gaji da wannan aike-aike. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya a kan iyaka, Sista Rut, 'yar Zuru, ita ke duba katin rigakafin matafiya. Kullum a wurinmu take cin abincin rana, tuwon shinkafa miyar taushe, kuma ba ta taɓa cewa gishiri ya yi yawa ba, shi ya sa nake son ta. Na jira ranar da Salmatu ta tafi kai niƙa, na ja kujera na zauna kusa da ita.

Na ce, "Sista, tambaya gare ni, amma ba ni ba ce."

Ta yi murmushi ta ce, "Anti Bilki, kowa haka yake cewa."

"Ni in ni ce, da tuni na ja ki bayan rumfa na nuna miki. Kin taɓa ganin na ji kunyar wani?"

Ta yi dariya har ta ƙware, na ba ta ruwa. Sannan na zayyana mata komai, ban rage ko ɗaya ba. Tun ina tsakiyar magana na ga ta ajiye cokali.

Ta ce, "Kin ga, kafin al'ada jikin mace yana canzawa, wannan ba komai ba ne. Ruwan ya yi fari, ya ɗan yi kauri, ko a ga ɗan ɗigon ƙasa-ƙasa ana gobe ko jibi jini zai zo, duk lafiya ne in babu wari, babu ƙaiƙayi, babu zafi. Amma wari? Ruwa tsararo mai jini, wata da watanni? Jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan kwanciya da miji? A'a, Anti. Wannan ba a zama da shi a gida."

"Mi ne ne shi?"

"Ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani bai duba ba, ƙarya yake. Yana iya zama sanyi ne da ƙwayoyi za su kashe. Yana iya zama wani ɗan tsiro. Yana iya zama abin da ya fi haka, a bakin mahaifa, wanda in an same shi da wuri ana maganinsa. Sai an gani da ido. Ba a duba wannan da aike." Ta ɗauki cokalinta, ta sake ajiyewa. "Akwai likita mace a asibitin cikin garin Jibiya. Ki gaya wa wadda ba ke ba ta je a wannan satin. Kuma ta daina cusa abubuwa."

Da Salmatu ta dawo na gaya mata tas. Ta ce to. Wannan "to" ɗin na san shi tun muna yara, shi take ce wa innarta in an aike ta ɗebo ruwa tana son wasa.

Litinin ta ce tana da wanki. Talata ta ce akwai suna a garin Kusa. Laraba ta ce maigidan bai ba ta izini ba. Na tafi tasha na tsare Manu gaban mutane na ce, "Kai ka hana ta zuwa asibiti?" Ya ce, "Ni? Wallahi tallahi ko tambayata ba a yi ba! Ta tafi yau ma." Na dawo na gaya mata, ta ce ai yanzu rana ta yi. Haka muka yi ta yi har wani satin ya shige, ni ina kumfar baki, ita tana murmushi tana ƙara wa direbobi tsoka.

Ranar da abin ya ƙare, ranar ciniki ce irin wadda ba a samu kullum. Wani abu ya tsaya wa 'yan duwan, wato kwastan, a tsallake, ba a sakin motoci, layi ya miƙe har ba ka ganin ƙarshensa. Duk direba da yaron mota yunwa ta koro su rumfarmu. Tukunya uku na ɗora a lokaci ɗaya. Salmatu ta sunkuya za ta ɗauko bahon kwanuka, sai na ga ta tsaya a sunkuye, ta dafe mara, ta cije leɓe. Da ta miƙe na ga bayan zanenta. Jini ne, kuma na san bai fi 'yan kwanaki da ta yi wanka ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ciccibi jarkar ruwa na kwara a murhu na farko. Na kwara a na biyu. Na uku ma na bi shi. Hayaƙi da toka suka turnuƙe rumfa, mutane suka yi baya suna tari.

"Subhanallahi! Hajiya, lafiya?"

"Ta haukace!"

"Shinkafata fa? Na riga na wanke hannu!"

Na ce, "Ka shanya shi. Yau babu abinci. Wanda yunwa za ta kashe ya je wurin mai shayi."

Na cire gyalena na ɗaura wa Salmatu a ƙugu, na ja hannunta zuwa bayan rumfa. Tana ta cewa, "Bilki, kin san abin da kika yi kuwa? Shinkafa tiya nawa ce a wuta!"

"Ta ruɓe. Gobe ma in kin ce ba ki zuwa, haka zan yi. Jibi ma haka. Ni da ke za mu zauna mu kalli murhu har ki gaji. Wai mi ke damunki ne? Malam ya ce ki je, Sista ta ce ki je, mijinki ya ce ki je. Sai an ɗauke ki a kwance?"

Ta zame ta zauna a kan tabarmar salla. Na zaci faɗa za ta yi, na shirya mata. Sai ta ce, a hankali, "Haka na Inna ya fara."



Na san Inna Fatimatu, mahaifiyarta, ita ta koya mini tuƙa tuwo. Muna 'yan mata ta rasu. Abin da na riƙe kawai shi ne ɗakinta kullum cikin hayaƙin turaren wuta yake, kuma ta rame a ƙarshe. An ce mana ciwon ciki ne, mu kuma ba mu tambaya ba.

Salmatu ta ce, "Irin ruwan nan ne, irin warin nan. Ranar da na fara jin sa a jikina na gane shi. Da ƙafarta ta shiga motar Katsina, Bilki, tana ce mini in kula da ƙannena kafin ta dawo. A naɗe aka dawo da ita. In na je, abin da za su gaya mini ke nan. Gara in zauna ban sani ba, ina sallata, har lokacin ya yi."

Wato duk wannan murnar amsar Malam, duk wannan kwalin Faransa, ba wauta ba ce. Tsoro ne. Ni kuma ina ta yi mata ihu kamar akuya ta shiga gona.

Na durƙusa gabanta na ce, "Inna ta daɗe da shi kafin a kai ta?"

"Ta yi shekaru."

"To ke watanni ne. Salmatu, dube ni. Ni ma tsoro nake ji. Wallahi tun ranar da kika gaya mini ban ci abinci ya zauna mini ba. Ban san abin da za su ce ba. Amma in mugun labari ne, gara mu ji shi yau kina da ƙarfinki, ina riƙe da hannunki. Ba zan iya tsayawa a rumfar nan ni kaɗai ba. Wa zai ba mutane haƙuri in na zage su?"

Ta yi wata dariya mai haɗe da majina. Ta ce, "Babu."

"To tashi."

Manu ya ga hayaƙi ya rugo. Da ya ga fuskokinmu bai tambayi komai ba. Ya je ya sauke fasinjoji biyu daga gaban motar da ke lodin cikin gari, suna ta masifa, ya ce su yi haƙuri gaggawa ce, ya saka mu. Shi ya maƙale a baya.

Likitar yarinya ce, ba ta fi ɗiyata ta biyu ba, amma tana da hankali. Da aka kira Salmatu ta ƙi sakin hannuna, dole aka bar ni na shiga na tsaya wajen kanta, ina kallon bango. Likita ta yi tambayoyi, Salmatu na amsawa da "e" da "a'a", ni ina cike sauran. Da na kawo zancen kwalin Maraɗi da bagaruwa, likita ta ce, "Mama, ku daina. Wurin nan ba ya son a riƙa cusa masa abin da ba a san kansa ba, ƙara fusata shi ake yi."

Na ce, "Gaya mata dai. Ni na faɗa an ce bakina ne."

Bayan ta duba ta ce akwai sanyi mai ƙarfi da ya kama bakin mahaifa, shi ke kawo warin, kuma wurin ya kumbura har yana jini in an taɓa. Ta rubuta magani, ta ce na mutum biyu ne, ita da maigida, in ba haka ba zai dawo. Ta ce in an gama sha a dawo, akwai gwajin da take so ta yi in kumburin ya sauka, don akwai wurin da bai kwanta mata ba.

Manu da aka miƙa masa nasa ƙwayoyin a bakin ƙofa, ya ce, "Ni kuma? Ni lafiyata lau."

Na ce, "Na abokinka ne. Ka sha masa."

Ya sha kuwa. Kullum a rumfa nake ba shi da hannuna, ina tsaye har ya haɗiye, yana yamutsa fuska kamar yaron goye.

Kwanakin jiran nan ba su yi mana daɗi ba, ba zan yi ƙarya ba. Warin ya tafi, humra ta koma daidai misali, ciwon mara ya sauka. Amma maganar "wurin da bai kwanta mata ba" tana nan tsakaninmu, ba mai taɓa ta. Salmatu ta rage dariya. Ni kuma na rage faɗa, har wani direba ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Ranar komawa ban ce mata komai ba. Na iso rumfa da sassafe na tarar da ita a tsaye da mayafinta, ba ta ko hura wuta ba. Ta ce, "Mu je."

Wannan karon likita ta shafa wani ruwa a wurin, ta jira kaɗan, ta haska fitila ta duba.  Sannan likita ta ja kujera ta zauna inda Salmatu za ta ga fuskarta.

Ta ce, "Mama, akwai wani ɗan wuri a bakin mahaifa da ya fara canzawa. Bai zama daji ba. Ki ji ni da kyau, bai zama ba. Amma in an ƙyale shi shekaru, can ya nufa. Muna da na'urar da ke kashe wurin da zafi, yanzu-yanzu in kin yarda. Za ki ji kamar murɗar mara. Bayan nan za ki ga ruwa na wasu makonni, maigida ya ɗan yi haƙuri, sannan ki dawo mu sake dubawa lokacin da zan gaya miki. Kada ki ƙi dawowa."

Salmatu ta ce, "Ba sai an kai ni Katsina ba?"

"Ba sai an kai ki ko'ina ba."

"Ba za a yanka ni ba?"

"Ko allura babu."

Ta kalle ni. Na ce, "Mi kike kallona? Ce mata to. Amma na gaske."

Aka yi. Ta matse mini yatsu har sai da na ce wayyo, ni da ba a yi wa komai ba. Kafin in gama karanto abin da na iya na addu'a, likita ta ce an gama, ta sauko a hankali.

Muka fito. Ni kam ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Ina ta zuba, ina cewa yau sai mun yanka kaza, sai na kai wa Sista Rut tuwo har ofis, sai na yi guɗa a tsakiyar tasha kowa ya ji. Muka kai gindin dalbejiyar da ke bakin titi, inda ake jiran motar Magama. Na waiwaya ban ga Salmatu a gefena ba. Ta zauna a ƙasa, a kan saiwar itacen, ta zuba hannuwa a cinya.

Na ce, "Jiri ne? In kira likita?"

Ta girgiza kai. Ta ce, "Bilki, shi ke nan? Ɗan wannan ne?"

"Shi ke nan mana. Sai dawowa dubawa."

"Ko ruwan shayi bai isa tafasa ba."

"To ba shi ne abin murna ba?"

Sai hawaye. Ba kuka mai sauti ba, zuba kawai suke yi, ba ta ko sharewa. Ta ce, "Inna ta yi shekaru tana wanke tsummokara a bayan ɗaki, tana shanya su ƙarƙashin gado don kar a gani. Ni nake ɗebo mata ruwan. Kullum ni nake ɗebo mata, in ajiye, in juya baya don kar ta ji kunya. Ban taɓa ce mata, Inna, mi ke damunki ba."

 Na tattara zanena na zauna kusa da ita a ƙasa, na jawo kanta na ɗora a kafaɗata. Motar Magama ta cika ta tafi, wata ta zo ita ma ta cika ta tafi, ba mu tashi ba.